Yini Ɗaya a Orvieto Ga Wanda Ba Ya Shan Giya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne, zan je taron mako guda a birnin Rum cikin watan Oktoba, kuma ranar Asabar ba mu da zama. Wani Bature abokin aikina ya ce lallai in je Orvieto, wani gari a kan dutse, in dawo a ranar. Da na bincika sai na ga ko'ina zancen giyar garin ake yi, ni kuwa ba na sha. Akwai abin gani da ya kai in ba shi yinina? Kuma yaya ake zuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka je. Na fara da wannan ne don kada tsawon bayani ya sa ka zaci kwana-kwana nake yi maka. Na yi shekaru a Perugia, babban birnin yankin Umbria inda Orvieto yake, kuma rakiyar baƙi ce ta riƙe ni a lokacin. Ban san sau nawa na hau dutsen nan ba, galibi da mutanen da ko warin giya ba sa so, kuma ban taɓa saukowa da wanda ya ce an ɓata masa rana ba. Zancen giyar gaskiya ne, Turawa da yawa a jikin kwalba suka fara ganin sunan garin. Amma abin da ya gina Orvieto dutse ne da tsoron yaƙi da neman ruwa, su kuma za ka yini kana kallo. Kofin giya ba zai dame ka ba, ka ce a'a an wuce wurin. Tukunyar miya ce abin yi wa hattara, zan kuma zo kanta.

Daga Termini, babbar tashar jirgin ƙasa ta Rum, za ka tashi. Tafiyar kamar kilomita 120 ce arewa da Rum, kan layin dogon da ya nufi Firenze, jirgi yakan ci awa ɗaya zuwa awa ɗaya da minti 20. Jiragen nan masu gudun tsiya, Frecciarossa, wucewa suke yi ba sa tsayawa. Naka shi ne Regionale Veloce, ko Intercity in ba ka damu da ƙarin kuɗi ba. Ka kama na wajen ƙarfe 8 na safe. Ka kuma isa da wuri, domin jiragen Regionale na wannan hanya sau da yawa daga layin 1 Est ko 2 Est suke tashi, can ƙuryar tashar, tafiyar kusan minti 10 da ƙafa daga inda babban allon yake. Na taɓa tsayawa shan kofi da wasu dattawa biyu, ina ce musu ai saura minti 6, da sauran lokaci. Muka isa muna haki muka tarar da ƙeyar jirgi. Ɗayansu bai sake ce mini uffan ba sai da jirgi na gaba ya wuce tashar Orte. In tikitin takarda ka saya, ka zura shi cikin ƙaramin injin da ke bakin layi ya buga masa lokaci kafin ka shiga, in ba haka ba tara ce, kuma mai duba tikiti ya gaji da jin "ni baƙo ne". Fasfo ya kasance a jikinka. Daren Juma'a kuma ka duba ko an sanar da sciopero, wato yajin aiki, don ma'aikatan jirgin Italiya ba baƙinsa ba ne.

Tashar Orvieto a gindin dutsen take. Kana fitowa, tsallaken titi, za ka ga funicolare, ƙaramin tarago da igiyar ƙarfe ke ja zuwa sama. An buɗe shi a 1888, kuma a lokacin da ruwa yake aiki: a cika tankin taragon da ke sama, nauyi ya rinjaye shi ya gangaro, ya jawo ɗan'uwansa na ƙasa, kamar guga biyu a igiya ɗaya. Ya tsaya a 1970, aka dawo da shi da lantarki a 1990. Tsawon hanyar mita 580, hawan mita 157, kafin ka gama gyara tsayuwa kun ratsa ramin da ke ƙarƙashin tsohon sansanin soja kun fito dandalin Piazza Cahen.

Tun daga jirgi za ka gane dalilin zaman garin a nan. Wani ƙaton faifan dutse ne ya taso daga kwari, gefensa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, samansa a baje. Dutsen sunansa tufo, tokar aman wuta ce da ta daskare, launin ƙasa-ƙasa mai ɗan rawaya, kuma yana da laushin da in ka karce shi da mukulli sai ya yi gari. Mu sai da aka tara gayya aka kwaɓa ƙasa aka yi wa Kano da Zariya ganuwa. Su tasu a gine suka same ta. Mutanen farko da suka yi birni a kai su ne Etruskawa, suna kiransa Velzna, har Rumawa suka ci su da yaƙi a shekara ta 264 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, suka kwashe sauran jama'ar zuwa bakin tafkin Bolsena. Da mutane suka dawo bayan ƙarnuka sai suka riƙa ce wa wurin urbs vetus, tsohon gari, harshe ya tauna shi ya zama Orvieto. Yau ƙaramar hukumar gaba ɗaya mutum kamar 20,000 ne, mafi yawansu ma a ƙasa suke zaune.

Mutane da yawa bas suke faɗawa daga Piazza Cahen su zarce babbar majami'a. Ni shawarata ka fara da rijiya, ga ta nan kusa da inda ka sauka, gwiwarka da sauran ƙarfi, jama'a ba su taru ba.

Labarinta ya faro ne a 1527, shekarar da sojojin Sarki Charles na 5 suka afka wa Rum suka yi mata wasoso. Fafaroma Clement na 7 ya yi watanni a tsare a sansanin Castel Sant'Angelo, a watan Disamba ya sulale cikin ɓad-da-kama ya gudo Orvieto. Da ya dubi wurin ya ga abin da kowane mayaƙi zai gani: dutsen ba ya hawuwa, amma in aka yi masa zobe ƙishirwa kaɗai ta isa ta sauko da mutanensa. Sai ya sa magini Antonio da Sangallo ƙarami ya haƙa har ya tarar da ruwa. Zurfinta kamar mita 53, faɗinta mita 13. Gaba 30 ke nan a lissafinmu, amma in ka leƙa ta sama sai ka rantse ita ce rijiya gaba dubun da ake faɗa.

Ba zurfin ne ya sa ake zuwa ganinta ba, don ko a ƙauyukanmu akwai waɗanda suka fi ta. Hikimar tana cikin matakalar. Guda biyu ce, suna naɗe da juna kamar tufkar igiya, ɗaya a kan ɗaya, kowace da ƙofarta, ba sa haɗuwa sai a ƙasa inda wata 'yar gada ta ratsa kan ruwan. Jaki ya shiga ta wannan ƙofa da tuluna ba komai, ya sauka, a yi masa lodi, ya haye gada, ya hau ta ɗayar ya fita, bai yi karo da mai saukowa ba. Shi ya sa za ka ji matakan ba su dace da ƙafarka ba, faffaɗa ne kuma gajeru, don kofato aka auna su. Taki 248 ne. Akwai tagogi kimanin 70 da ke kallon cikin ramin, su ke shigo da haske. Kana sauka za ka hangi mutum ta tagar da ke fuskantarka, kusa har kuna iya gaisawa, ka ɗauka yanzu za ku haɗu, ashe shi yana kan hanyar fita, ba za ku taɓa gamuwa ba. Hasken yana raguwa, iska tana sanyi, bango yana jiƙa tafin hannu. A ƙasa ruwan garai-garai, cike da kwabban da masu yawon buɗe ido ke jefawa. Ka ɗaga kai a nan: bakin rijiyar ya koma kamar faifai, tagogin sun jeru suna juyawa zuwa sama. An gama ta a 1537, Clement kuwa ya rasu tun 1534, zoben da ya ji tsoro kuma bai zo ba. Sunanta Pozzo di San Patrizio, kuma har yau Italiyawa in suna zancen aljihun da ba ya ƙarewa, ko aikin da ke cin kuɗi ba ya ƙoshi, da ita suke misali. Babu na'urar hawa. Wanda ya sauka da ƙafarsa da ita zai fito, saboda haka mai ciwon zuciya ko gwiwa ya tsaya a tagogin farko ya leƙa, ya isa.

Daga nan ka bi babban titin Corso Cavour da ƙafa, minti 15 zuwa 20. Ka yi sa'a, Alhamis da Asabar ne ake cin kasuwa da safe a Piazza del Popolo, kuma kafin azahar ta watse. Ba babba ba ce, rabinta ma tufafi ne da takalma, amma ɓangaren manoma zai yi maka daɗi: wake iri-iri, kabewa, cukun nonon tumaki, zuma, da castagne, wani ɗan itace da ake gasawa a wannan lokaci, ɗanɗanonsa kamar dankalin Hausa. In ka ga mota an buɗe gefenta ana yanka wani ƙaton gasasshen nama ana cusawa a burodi, porchetta ke nan, alade ne sukutum, ka wuce.

Tunda malamin gona ne kai, ka hau hasumiyar Torre del Moro da ke tsakiyar gari. Mita 47 ce, na'ura tana rage maka ɗan hawa, sauran da ƙafa. Daga can ne za ka ga yankin giyar da ake ta faɗa, kuma a idonka gona ce kawai. Layukan inabi a kan waya suna bin gangaren tuddai, tsakaninsu gonakin zaitun masu ganye toka-toka, can ƙasa kogin Paglia yana tafiya ya haɗu da kogin Tiber. A Oktoba an gama yawancin girbin inabi, ganye ya fara rawaya. Wannan tsari na layi-layi sabon abu ne. A da, manomin tsakiyar Italiya bishiya yake dasawa ya ɗora mata inabi ya naɗe ta, ya shuka alkama ko wake a tsakani. Suna ce wa wannan vite maritata, inabin da aka yi wa aure. Duk wanda ya san gero da wake a ƙarƙashin gawo ba sai an yi masa dogon bayani ba. Noman kuma na raba-daidai ne tsakanin mai ƙasa da mai noma, har dokar 1964 ta hana ƙulla sabuwar yarjejeniya irin wannan, matasa suka tafi masana'antu, tarakta ta shigo, ita kuwa tarakta ba ta son bishiya a gabanta.

Giyar garin fara ce, daga inabi iri biyu musamman, Grechetto da wanda a nan suke kira Procanico. Abin da zai amfane ka a ciki shi ne dokar da ke bayanta. Tun 1971 sunan "Orvieto" yake ƙarƙashin tsarin da suke kira DOC: an shata iyakar ƙasar da za a noma inabin, an faɗi irin da za a shuka, an ƙayyade yawan abin da kadada ɗaya za ta bayar. Wanda ya saɓa, ko da gonarsa tana jikin dutsen, ba shi da ikon rubuta sunan garin a kayansa. Sunan ya zama dukiyar manoman wurin gaba ɗaya, ba wanda zai zo daga nesa ya ci da guminsu. Man zaitun ɗinsu ma haka, akwai rajistar DOP Umbria da ɓangaren tuddan Orvieto a ciki. Irin wannan rajista ce Nijar ta yi wa albasar Galmi da kilishinta. Ka tambayi abokan taronka yadda ake sa ido a kan bin dokar, don a nan aikin yake, rubuta ta ba wuya.

Wani abin da zai ba ka dariya: a kusa da tafkin Corbara, inda aka datse Tiber, hazo mai raɓa yakan kwanta kan gonaki da safe a wannan lokaci, rana ta fito ta busar da shi. Wannan yana kawo wata fumfuna da ke huda fatar inabi, ruwa ya fita, zaƙi ya taru. Ita ce dai cutar da ke ruɓar da tumatir da inabi a wasu wurare, manomi yana kashe kuɗi yana fesa mata magani. A nan suna kiranta muffa nobile, fumfuna mai sarauta, har addu'ar zuwanta suke yi.

To, ga maganar tukunya. Abincin rana daga 12:30 ne zuwa wajen 2:30, bayan haka kicin ya rufe, shaguna da yawa ma sun rufe sai yamma. Kada ka yi fushi, garin da gangan yake yi. A nan ne hedkwatar ƙungiyar Cittaslow take, ta garuruwan da suka zaɓi tafiya a hankali, wadda aka kafa a 1999, tambarinta ma dodon koɗi ne. Kana zama za a miƙo maka takardar giya. Ka ce "Non bevo alcol, grazie", ka nemi acqua naturale, ruwa marar gas. Ba wanda zai ɗaga gira.

Matsalar ita ce girkin Umbria a kan alade da giya ya ginu, kuma sau da yawa ba a ganinsu. Na koyi wannan da kunya. A wani gidan burodi na saya wa baƙina wani ɗan burodi da aka naɗe kamar dodon koɗi, lumachella, abin alfaharin garin, ɗumi-ɗumi, ƙanshi har titi. Wata Hajiya a cikinmu ta gutsura, ta tsaya, ta juya shi a hannu, ta ce, "Ɗan nan, wannan jan abin mene ne?" Na koma na tambaya. Gutsattsarin naman alade ne, kuma da kitsensa aka kwaɓa fulawar. Tun ranar ba na sayen abin da ban tambaya ba. Ka riƙe kalmomin nan: maiale alade ne, cinghiale aladen daji, pancetta da guanciale da prosciutto da salsiccia duk namansa ne, strutto da lardo kitsensa. Tantabarar da suke ji da ita, palomba, da giya ake dafa ta. Akwai kazar da sunanta ma ya tona ta, gallina 'mbriaca, kaza mai maye. Miyar wake da kake ganin ba ruwanta sau da yawa da ɗan kitsen alade aka soya albasarta. A kayan zaƙi, ciambelline al vino da giya aka kwaɓa su, tozzetti a kan kawo su da ƙaramin kofin giya don tsomawa, tiramisù ma wani gidan yakan zuba. Tambaya biyu ta ishe ka: "C'è maiale o strutto?" da "C'è vino?" Kuma ka yi wa mai hidimar tambayar kai tsaye, ka ce don addini ne. Na lura sun fi ɗaukar wannan da muhimmanci fiye da in ka ce ba ka so kawai, har yakan shiga kicin ya tambayo.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Taliyar garin, umbrichelli, fulawa ce da ruwa aka murza da hannu, kauri kamar igiyar takalmi. Ka ci ta da tumatir da tafarnuwa da barkono, ko da tartufo, wani baƙin abu mai kama da dunƙulen daddawa da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, karnuka ke shinshino shi. Ƙanshinsa ko dai ka so shi ko ka tsane shi, ni sai a karo na uku na sallama. Ka nemi bruschetta, gasasshen burodi da aka goga wa tafarnuwa aka kwarara wa man zaitun. In tafiyarka ta kai ƙarshen Oktoba kana iya dacewa da sabon mai, kore shar, mai ɗaci-ɗaci, yana kartar maƙogwaro har ka yi tari. Wannan tarin shi ne shaidar kyansa. Batun naman sa ko na rago kuwa, ka san matsayinka kan yankan da ba na Musulmi ba, ba ni zan faɗa maka ba. A takardar kuɗi za ka ga coperto, kuɗin zama ne na kowane mutum, ba cuta ba ce.

Kafin ka zauna cin abinci ka biya ta dandalin majami'a ka yanki tikitin Orvieto Underground, domin da ɗan rakiya ake shiga, rukuni-rukuni, kuma na Turanci yana da lokutansa. A ƙarƙashin garin akwai koguna sama da 1,200 da hannu ya haƙa. Mai gida yana son dutsen gini sai ya haƙa ƙarƙashin gidansa, ya sami tubali ya kuma sami rumbu mai sanyi rani da damina. Shekara wajen 2,500 ana haka, har dutsen ya zama kamar gidan gara, ya fara zaftarewa ta gefe, sai da gwamnati ta sa hannu a ƙarshen shekarun 1970 aka shiga auna ramukan ana tokare su. Zagayen kamar awa ɗaya ne. Za ka ga tsohuwar matsar man zaitun da dutsen niƙanta, da rijiyoyin Etruskawa, matsattsu, faɗin kafaɗar mutum da ɗan kai, da ƙananan ramuka a bango biyu inda mahaƙi ke sa ƙafa yana sauka, daidai yadda masu haƙar rijiya suke yi a gida. Amma ɗakunan tantabaru ne suka fi tsaya mini a rai. Ɗaki ne a bakin gaɓar dutsen da taga ɗaya mai kallon kwari, bangonsa duka an fafe shi gurbi-gurbi, ɗaruruwa, a jere. Tantabara ta fita da safe ta yi kiwo a gonakin ƙasa, ko da gonar maƙiyin da ya yi wa garin zobe ce, ta dawo da yamma ta yi ƙwai. Nama kyauta, kashinta kuma taki. Wanda ya taɓa rataya tukwane a katanga don tantabaru zai tsaya a nan ya yi shiru.

Majami'ar, Duomo, na bar ta ƙarshe da gangan, domin fuskarta yamma take kallo, kuma sai rana ta karkata zinariyar jikinta take kamawa. Fafaroma Nicholas na 4 ne ya aza harsashinta a 1290, aka yi shekara wajen 300 ana gini. Lorenzo Maitani, mutumin Siena, shi ya karɓi aikin a 1310 ya tsara fuskar. Gefunanta ratsi-ratsi ne, farin dutse da baƙi, kamar saƙi. A kusurwar dandalin ka ɗaga kai ka ga mutum-mutumin tagulla a kan wata hasumiya yana dukan ƙararrawa. Tun tsakiyar ƙarni na 14 yake wannan aiki, kuma don leburorin ginin aka kafa shi, a san lokacin kama aiki da na tashi.

Shiga ciki ra'ayinka ne. Cikin baƙina akwai masu shiga, akwai masu zama a dakalin da ke fuskantarta su jira, ban taɓa matsa wa kowa ba. Ana biyan kuɗi, ana kuma son a rufe kafaɗa da gwiwa, wanda mu ba matsalarmu ba ce. Gara ka sani tun yanzu cewa akwai siffofin annabawa, a waje da ciki, akwai kuma zanen mutane tsirara da yawa. In ka shiga, ɗakin San Brizio da ke hannun dama shi ne dalilin. Mai zane Fra Angelico ya fara zanen rufinsa a 1447 ya bari, sai a 1499 Luca Signorelli ya karɓa ya cika bangon da labarin ƙarshen duniya yadda Kiristoci suka fahimce shi. Wani ɓangaren ba zai zama maka baƙo ba. Ga Dujal a tsaye kan dakali yana wa jama'a wa'azi, kamanninsa na mutumin kirki, Shaiɗan ya manne a bayansa yana raɗa masa a kunne, an kuma zana hannun yadda ba za ka iya cewa na wane ne a cikinsu ba. A gabansa an tara dukiya ana rabawa, a gefe ana kashe waɗanda suka ƙi. A kusurwar hagu mutum biyu cikin baƙaƙen kaya suna tsaye, ɗaya yana kallonka, shi ne mai zanen da kansa. A wani bangon kuma an busa ƙaho, mutane suna dafa ƙasa suna zaro jikinsu daga cikinta, wasu tsoka ta dawo musu, wasu har yanzu ƙasusuwa ne. Wani malami da na raka ya daɗe a gaban wannan, da muka fito bai ce komai a kai ba sai a jirgi. Af, cikin ladan da aka rubuta wa Signorelli a yarjejeniyar aikin har da alkama da giyar garin. Ka ga ko a nan ba ta bar mu ba.

Sallah kuma, kada ka dogara da samun masallaci a saman dutsen. Ka tafi da 'yar sallaya mai naɗewa. Ni a lambun tsohon sansanin Albornoz nake yi, wanda aka fara ginawa a 1364, nan Piazza Cahen kusa da funicolare. Akwai kusurwoyi marasa jama'a, alƙibla kudu maso gabas ce, wayarka za ta daidaita maka. Nisan ya kai na kasaru, amma ka tambayi malaminka yadda za ka yi da haɗa azahar da la'asar tun kafin ka taso. Famfunan titi ruwan sha ne sai wanda aka rubuta wa non potabile. Ka lura kuma, a Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya. Kafin ranar magariba tana kaiwa bayan 6, bayanta kuwa tun wajen 5 duhu ya fara.

Wani zai ce maka tunda ka zo, ka ƙara da ƙauyen Civita di Bagnoregio, ai kilomita 20 ce kawai. Kada ka yarda. Motocin haya tsakaninsu ba su da yawa, ranar Asabar sun fi ƙaranci, za ka ƙare da rabin wannan da rabin wancan da fargabar jirgi. Wani kuma zai ce garuruwan Montepulciano ko Montalcino sun fi. Kyawawa ne, amma jirgi ba ya kai ka gindinsu yadda yake kai ka Orvieto, kuma a can yawancin abin da ake nuna wa baƙo ɗanɗanon giya ne, shago bayan shago.

Ka duba lokacin da funicolare yake tashi daga aiki tun da safe, don ba ya kai tsakar dare, ka kuma zaɓi jirgin dawowa da akwai wani a bayansa. In za ka yi tsaraba, man zaitun ne. Ka nemi na gwangwani, ba ya fashewa, ka duba shekarar girbi a jikinsa don kada a ba ka na bara da kuɗin na bana, kuma ka sa shi cikin babbar jaka, domin a ta hannu za a iya karɓe shi a filin jirgi. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.